Garejin Kawu da Motar da Aka Lulluɓe

Daga gareji

Sifana 'yata,

Ina yi miki sallama da hannun da na wanke sau biyu, don haka in kin ga tabon baƙin mai a gefen takardar nan, ba ƙazanta ba ce, aiki ne. Muna nan lafiya. Gwiwata ta hagu ce dai take min tsiya in zan fito daga ramin gyaran mota, amma uwargidana Innarki ta ce ba gwiwa ba ce, tumbi ne. Mahaifiyarki ta leƙo ranar Laraba, ta ce in gaya miki kin rame a hoto.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. In na kira, dariya kike ba ni har in manta abin da ya sa na kira, maganar nan kuwa ba ta dariya ba ce.

Mai Faci ya kawo mujallar motoci ta wannan watan. A tsakiyarta akwai hoton sabuwar motar daji da kamfaninku ke gwadawa, an naɗe ta kaf da leda mai zanen baƙi da fari. Wani mai ɗaukar hoto ne ya laɓe a bayan shinge ya ɗauko. Tun ranar bencin bakin gareji bai huta ba. Ni da Mai Faci da Mai Fenti mun zauna mun tsara wa kamfaninku motocin da zai fitar, ba tare da kowa ya tambaye mu ba. Mai Fenti ya ce huɗu ne: babbar nan mai kujera bakwai, da gajera mai ƙofa biyu wadda aka daina yi tun kina firamare, da mai buɗaɗɗen baya, da wata ta lantarki. Mai Faci ya ce ina, uku ne, kuma dukkansu da batir za su yi tafiya. Shi ko a jikinsa, tun da ko da ruwan shayi mota take tafiya sai ta taka ƙusa.

Ni hoton na ƙura wa ido. Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin motocin kamfanin nan, ban taɓa sa hannu a wata iri ba. Wannan ta hoton ba jininsu ba ce. Hancinta ya sunkuya, bambarta kamar ta share ƙasa, bayanta ya yi tozo, ya zagaye kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Motar da za ta tsallake rafi ba ta sunkuyar da kai haka. Abin da na gano shi ne sun yar da shasi, ƙashin bayan mota, sun yar da aksul mai haɗa tayoyi, za su ƙera motar birni su liƙa mata sunan motar daji, cikinta duk kwamfuta. Irin wadda in ta lalace ba a neman bakanike, sai mai farar riga da na'ura a hannu.

In haka ne, tsofaffin da nake gyarawa za su ƙare ɗaya bayan ɗaya, ni ma in bi su. Mai Kujeru na kusa da mu ya daɗe yana son wurin nan don ya faɗaɗa shagonsa. Jiya ya sake tuntuɓa ta, kuma a karon farko ban kore shi ba. Na fi son in rufe ƙofa da mutuncina da in zauna ina korar ƙuda.

Ke kina cikin gidan, kina gani da idonki. Ni ne na raɗa miki Sifana, don tun ba ki iya magana sosai ba kike miƙo min sifanar kwance noti a rami. Ki gaya min gaskiya, akwai shasi ko babu? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Kawunki

*

Daga filin gwaji

Kawu,

Na amsa sallama, tabon man ma ya iso lafiya. Sai da na shinshina takardar, na ji kamar ina zaune a kan tsohuwar tayar nan ta bakin ƙofa. Lafiyata lau, ban rame ba, hoton ne. Ka gaida Inna, ka ce mata ina bayanta a maganar tumbi.

Kawu, kalma ɗayan nan ita ce ba ni da ikon faɗa. Ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa ko launin kujera ba zan furta ba sai ranar da aka yaye wa motar mayafi a gaban jama'a. Wayata a akwatin ƙarfe take wuni a bakin ƙofa. Tagogin ɗakin da muke aiki an shafe su da farin fenti, ba ma sanin an yi ruwa sai mun fito. Akwai wanda ya gaya wa surukinsa tsawon mota kawai, da gari ya waye ya tarar katinsa na shiga wurin aiki ya daina buɗe ƙofa. Kai ka koya min riƙon alkawari, don Allah kada ya zama kai ne za ka sa in karya.

Amma na sha dariyar jerin motocinku. Sau uku na karanta a wurin cin abinci, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Ka ce wa Mai Fenti ban ce huɗu ba ne, ka ce wa Mai Faci ban ce uku ba ne. Da shugabannin nan sun san akwai benci irin naku, da sun huta da taron da suke yi kullum.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ba Mai Kujeru wurin nan. Saura wata huɗu a yaye mayafin, ka jira ka gani da idonka. Ko me ya fito, Kawu, a wurina babu bakanike kamarka, kuma wannan ba zai canja ba.

'Yarka Sifana

*

Daga gareji

Sifana,

Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi tun da Innarki ta rage min cokali biyu a kwano. Allah ya yi miki albarka, ba zan sa ki karya alkawari ba, kuma ba sai kin karya ba, don na fahimta.

“Ko me ya fito, a wurina babu bakanike kamarka.” Na karanta wa mutanen benci layin nan. Mai Faci ya ce irin maganar da likita ke yi wa dangin mara lafiya ke nan a bakin ƙofa, in ya ga ba dama. Ni ma haka na ji ta. Da akwai labari mai daɗi, ai ba za ki tsaya kina rarrashina ba. Innarki ce kaɗai ta ƙeƙasa ƙasa, wai yarinya ta ce ka jira, kai kuma kana neman ta'aziyya a inda babu gawa. Na ce mata ita ba ta san mota ba.

Mai Kujeru ba zai iya jiran wata huɗu ba, an yi masa tayin wani wuri a bayan kasuwa. Na ba shi magana: nan da wata biyu in miƙa masa makulli. Kada ranki ya ɓaci. Na ci arzikin ramin nan, da shi na aurar da 'ya'ya uku, ba abin da zan ce sai godiya.

Musu dai bai ƙare ba. Mai Fenti yanzu ya koma biyar, wai ya ji a wurin wani direba cewa akwai wadda za ta riƙa ɗaga kanta da kanta in ta ga dutse. Mai Faci ya ce akwai wadda ba ta da tayar ajiya ma sam, kuma ranar ce kaɗai na ga hankalinsa ya tashi. Ni ina jin su ne kawai. Matar nan likitar dabbobi ta kawo tata a canja mata sifirin, ta tambaye ni wa zai riƙa duba mata ita in na rufe, ni dai na ci gaba da ɗaure sifirin.

Kawunki

*

Daga gareji

Sifana,

Sati shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Mahaifiyarki ta ce kina lafiya, kin aiko mata da saƙo cewa aiki ya yi yawa, don haka ba na fargabar lafiyarki. Shirun dai na gane shi, ba ki da abin da za ki ce min ne.

Na fara tattara kaya. Sifanu na jera su a akwati, jak biyu na ba Mai Faci ajiya. Allon sunan gareji ne na kasa saukewa, sau biyu ina jingina tsani ina fasawa. Saura sati biyu. Ba fushi nake yi ba, kewa ce kawai take damuna tun ban bar wurin ba.

Kawunki

*

Daga filin gwaji

Kawu,

Ina gaisuwa, amma yau a gurguje. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a ƙarƙashin ƙofa. Sati shidan nan muna can saman duwatsu wurin gwaji, a tanti muke kwana, ba gidan waya, saƙo ɗaya tak na samu na aika wa mahaifiyata. Na kira ka sau shida wayarka a kashe. Na kira Inna, ta ce wai ka ce wanda ya yi shiru a takarda, a takarda zai ba da haƙuri. To ga shi, ka yi haƙuri, kuma ta hannun masu kai saƙon gaggawa na aiko ta.

Wallahi ba ta'aziyya na yi maka ba. Yabonka na yi, Mai Faci ya mai da shi zaman makoki. Inna ce ta karanta wasiƙar daidai.

Yau da safe na je wurin shugabar sashenmu, na tambaye ta ko zan iya gaya wa kawuna irin aikin da nake yi, ban da maganar motar kanta. Ta ce wannan ai ba asiri ba ne, kowane kamfani yana yi. To, Kawu, ka ji aikina. Kafin a fitar da sabuwar mota filin gwaji, ni da mutum uku muke shiga da soso irin na katifa, da roba, da gam. Inda take da kusurwa mu cika shi ya zagaye. Inda take da tsawo mu rataya mata siket na ƙarya ta yi kamar gajera. Fitila ma ta ƙarya muke liƙawa. Sannan mu naɗe ta da ledar nan mai zane don ido ya rikice. Abin da ake ba ni albashi a kansa ke nan: in sa masana mota su kalli hoto su yi kuskure. Ban taɓa kawo wa raina cewa kai zan kama ba.

Ban ce maka akwai shasi ba, ban ce babu ba. Abin da na ce kawai, kana shirin rufe garejin shekara talatin da ɗaya saboda soson katifa. Don girman Allah ka riƙe makullin nan.

'Yarka Sifana

*

Daga gareji

Sifana, ja'irar yarinya,

Lafiya muke, lafiya ƙalau, har na fi haka. Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, ni kuwa tun Talata na gama da ku, ke da kamfaninku. Bari ki ji.

Talata Mai Faci ya shigo da sabuwar mujalla. An sake kama motar taku, wannan karon a kan dutse, ta ɗaga ɗaya daga ƙafafun gaba sama, mai hoton kuma yana can ƙasa da ita. Muka tsaya mu uku muna juya hoton, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Ni na kasa gane komai. Sai na tuna ni a rayuwata ban taɓa fahimtar mota a tsaye ba. Na jawo katakon da nake kwanciya a kai, na miƙe rigingine a tsakiyar garejin da babu ko mota ɗaya a ciki, na ɗaga mujallar sama da fuskata kamar cikin mota. Na aika aka karɓo min gilashin karatun Innarki. Mai Fenti yana ta dariya, wai tsufa ya zo.

Sifana, ga shi nan ƙuru-ƙuru! Aksul ɗin baya, sanda guda, da tulunsa a tsakiya. Ga gefen shasi, ƙarfe mai kauri, ya miƙe daga gaba har baya. Ga ma ƙugiyar da ake ɗaura igiya a ja mota daga laka, a daidai inda take a tsofaffin. Kun rufe sama kun bar ciki a buɗe, don kun san mutane a tsaye suke kallo. Na yi ihun da sai da likitar dabbobi, da ta zo wucewa, ta taka birki. Abin da ya rage min a kai shi ne hancin nan da tozon nan, sai ga wasiƙarki ta zo da maganar soso. Innarki tun ranar ba ta ce min komai ba, kallona kawai take yi tana murmushi, kuma wannan ya fi magana ciwo.

Sai dai na riga na ba mutum magana, kuma wannan ne ya hana ni cin abinci. Laraba na ɗauki Mai Faci da Mai Fenti muka shiga wurin Mai Kujeru. Na tarar har ya auna bango, ya sayi fenti. Na cire kunya na ce masa na yi kuskure, ina neman ya sake ni. Ya sha ƙamshi, ya ce ya riga ya saki wurin bayan kasuwa saboda ni, kuma gaskiyarsa ne. Na ce in ya ƙi, makulli nasa ne, ba zan ci amanarsa ba.

Mai Fenti ne ya tuna da filin gefen dama, inda matattun motocin nan huɗu suka yi shekara goma ina cewa zan tashe su. Aka auna, ya ma fi cikin garejin faɗi. Na ce ya ɗauka, ni zan kwashe ƙarafan. Ya ɗan ja aji, sannan ya miƙo min hannu. Motocin sun tafi jiya a bayan babbar mota, na ji zafin rabuwa da shuɗiyar, amma gareji yana nan. Na karɓo jak ɗina biyu, Mai Faci har ya fara sabawa da su.

Ba na tambayarki komai. Ki riƙe alkawarinki, ni na riga na gani.

Kawunki

*

Daga filin gwaji

Kawu,

Gaisuwa da bakin da aka kwance wa ɗauri. Jiya aka yaye mayafi, yau ina da ikon yin magana har ka gaji. Lafiyata lau, ka gaida Inna, ka ce mata ta ci gaba da murmushin.

Huɗu ne. Mai Fenti ya ci lissafinsa na farko amma ya faɗi a jeri: babu mai buɗaɗɗen baya, a madadinta matsakaiciya ce mai kujera biyar. Babbar tana nan. Gajera mai ƙofa biyu ta dawo, kuma da aka buɗe ta wani dattijo a layin gaba sai da ya share hawaye. Ta lantarki ma akwai, guda ɗaya, ita ma a kan shasi take zaune. Ka kwantar wa Mai Faci da hankali, kowacce da tayar ajiyarta a rataye a ƙofar baya. Dukkansu masu kusurwa ne kamar akwati. Tozon nan da ka kira sabulu kwana biyu na yi ina sassaƙa shi, kuma ban taɓa samun yabo irin naka ba.

Ranar da na karanta yadda ka kwanta da mujalla, na yi dariya har na yi kuka, kukan kuma na gaske ne, don tun wasiƙarka ta farko ban yi barcin kirki ba. Da ka rufe garejin nan saboda aikin hannuna, ban san yadda zan kalle ka ba.

Amma kada in ɓoye maka, akwai kwamfuta a cikinsu, dukkansu. Ƙarfen naka ne, sai dai wani gyaran sai an jona na'ura an karanta allo. Ba ta fi ƙarfinka ba, in na zo hutu zan nuna maka. Na haɗo maka da ɗan littafin da aka raba, akwai hotuna da awon kowacce.

'Yarka Sifana

*

Daga gareji

Sifana,

Muna lafiya. Littafin ya iso, ya zagaya benci har bangonsa ya fita. Mai Fenti yana ta cika baki da huɗunsa, Mai Faci kuma ya ce shi dama tun farko bai yarda da uku ba.

Maganar na'ura, ki zo da ita, ba na gudu. Innarki ta ce ita za ta riƙa karanta min allon, ni in riƙa kwancewa, wai ta fi ni gane rubutu. Ban yi musu ba.

Wata matsalar ce ta taso. Na ɗauki awon babbar daga littafin, na je na gwada a ƙofar gareji. In an haɗa da madubai, ta fi ƙofar faɗi da yatsa uku. Mai Faci ya ce ai sai nan da shekara biyu ko uku irinsu za su fara zuwa gyara, in bari tukuna. Na ce masa na ji.

Litinin magini zai zo ya fasa bangon hagu. Ba na son ranar da ta farko za ta iso in tsaya ina gyara ta a kan titi.

Kawunki